Kore da Shuɗi a Falon Ƙanwata

Mijin ƙanwata ya ce shi ba ya zaɓen fenti kamar sauran mutane. Ya ce mutane da ka suke zaɓa, shi kuwa da ido, kuma irin idonsa babu na biyu a duk layin.

Na-Iya ake ce masa. Daga bakinsa sunan ya fito. Famfo ya lalace, na iya. Rediyo ta yi shiru, na iya. Yana da wani jan akwatin ƙarfe cike da guduma da filaya da sukudireba. Da shi ya gyara famfon gidan, tun daga nan in an buɗe na kicin sai na banɗaki ya kawo ruwa. Da shi ya gyara ƙofar banɗakin, tun daga nan wanda ya shiga sai ya riƙa tari don kada a shigo masa.

Ƙanwata ta gaji. Za ta je wajen babbar 'yarsu, sai ƙarshen mako ta dawo. Kafin ta tafi ta sayo fenti bokiti biyu, ɗaya kore mai haske, ɗaya shuɗi mai haske, ta aika aka kira ni.

Ta ce, "Yaya, kai ne shaida. Ga kore, ga shuɗi. Ya zaɓi ɗaya ya shafa wa falon nan. In na dawo na tarar da falona launi ɗaya, akwatinsa nasa ne. In na tarar da wani abu daban, ka ɗauke akwatin ka kai gidanka ka sa masa kwaɗo."

Na ce, "To."

Na-Iya ya yi dariya har da dafa ciki. "Uwargida, wannan ai raini ne. Fenti? Ni? Kafin motarki ta bar tasha na gama."

"Launi ɗaya, Maigida."

"Na ji. Amma ba za a zaɓa da gaggawa ba. Sai an gwada. Launi kamar mutum yake, sai ka zauna da shi kafin ka san halinsa."

Ta dube ni. Na dubi akwatin. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da na zo washegari da safe na tarar ya ɗaura tsumma a ka, ya soke fensir a bayan kunne, ya ture kujeru tsakiyar falo. Bokiti biyu a buɗe, rola ɗaya a hannunsa.

Na ce, "Rola ɗaya ce?"

"Yaya, rola biyu ta masu koyo ce."

Ya shafa kore kamar faɗin tafin hannu a bango, ya tsoma rolar a shuɗi ya shafa a gefensa. Ya ja da baya. Ya rufe ido ɗaya. Ya rufe ɗayan. Ya ce sun yi ƙanana, ido bai samu abin kamawa ba. Ya ƙara su kamar faɗin ƙofa. Ya ce yanzu kuma sun matsi juna, kowanne yana shiga maganar ɗan'uwansa. Kafin rana ta take, bango biyu sun zama kore, biyu sun zama shuɗi.

"Yanzu a kira jama'a," in ji shi. "Ni na riga na san amsa. So nake in ga ko akwai mai ido a cikinsu."

Ya kira Tela da Mai-aski. Shagunansu suna manne da juna a bakin layi, kuma sun daɗe ba sa shiri saboda benci ɗaya da ke ƙarƙashin rumfar, kowa yana cewa nasa ne. Gwaggo, tsohuwar da gidanta ke kallon na ƙanwata, ba a kira ta ba. Ta zo da kujerarta.

Tela ya shigo ya duba. "Kore. Duk wanda ya san yadi ya san kore ya fi kwantar da rai."

Mai-aski bai ko ɗaga kai ba. "Shuɗi."

"Ka duba ma kuwa?"

"Ba sai na duba ba. Tunda ka ce kore, shuɗi ne."

"Kai da ƙeyar mutane kawai kake kallo tun safe, me ka sani a launi?"

"Na san wandon da ka ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarka ce ta fi ɗaya!"

Gwaggo ta ce, "Ɗana, ni ban san launi ba. Amma bangon can rana ta haske shi, wannan kuwa yana cikin duhu. Ko ni aka tsayar a can sai na yi kyau."

Na-Iya ya daki cinyarsa. "Abin da nake jira wani ya gano ke nan! An zalunci shuɗi. Sai an sauya musu wuri."

Na ce, "Zaɓi ɗaya kawai."

"Yaya, alƙali ba ya yanke hukunci bai ji ɓangare biyu ba."

Ya shafe kore da shuɗi, ya shafe shuɗi da kore. Rolar tana fita daga wannan bokiti tana faɗawa wancan. Gwaggo ta tambaye shi ko ba a wanke ta. Ya ce wanki ne yake kashe rola.

Da la'asar rana ta juya, haske ya bar bangon da ya sa wa shuɗi. Ya tsaya a tsakiyar falo yana huci. Ya ce taga ɗaya ba ta isa adalci ba. Ya cire labule. Bai isa ba. Ya buɗe jan akwatin, ya zaro sukudireba, ya kwance ƙofar falo gaba ɗaya ya jingine ta a waje.

Gwaggo ta ce, "Yanzu ɓarawo ma zai zo ya ba da ra'ayinsa."

Haske bai daidaita ba. Washegari ya je ya aro babban madubin Mai-aski, ya ce zai tare rana da shi a tsakar gida ya harba ta cikin falo. Mai-aski ya ba da shi ne kawai don an ce masa shuɗi za a taimaka wa. Na-Iya ya ce in riƙe madubin.

Na ce, "Shaida nake."

Sai ya jingine shi da tsani, ya yi ta karkata shi. Hasken ya haye katanga ya shiga idon wani mai keke, mutumin ya faɗa kwata. Hasken ya koma ya sauka a kan kyanwar Gwaggo, ta bi shi da gudu ta shiga falo, ta fito da ƙafafu huɗu masu fenti ta bi ta kan shanyar maƙwabta. Da ƙyar hasken ya samu bango. Na-Iya ya shiga ya duba, ya hango wani wuri can sama da rola ba ta kai ba. Ya fito da sauri ya ja tsanin.

Ƙarar faɗuwar madubin ta kai bakin layi.

Mai-aski ya zo da almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski yana biye da shi da rabin kai. Madubin ya tsage daga sama har ƙasa.

"Na-Iya! Madubina!"

"Kwantar da hankalinka. Na iya gyara shi."

"Kada ka taɓa shi! Kada ka ko kalle shi!"

Ya ɗauke abinsa a haka. Tun daga ranar duk wanda ya zauna aski yana ganin kansa gida biyu, kunne ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Na ɗauka Na-Iya zai haƙura. Sai ya zo da sabuwa. Ya ce falo ba don bango aka yi shi ba, don baƙi aka yi shi. Dole a ga yadda mutum zai fito a gaban kowane launi. Ya aika wa Tela cewa ana neman mutum mai kamala, mai fararen kaya. Tela ya zo cikin wata farar riga sabuwa ƙal, guga har tana ɗaukar ido.

Gwaggo ta ce, "Wannan ba rigar da direban babbar mota ya kawo ɗinki ba ce?"

"Gwada yadda za ta zauna a jiki nake yi, Gwaggo. Aikinmu ne."

Na-Iya ya ajiye kujera a gaban bangon kore. "Zauna. Ɗaga kai. Yi kamar baƙon da aka kawo wa shayi. A'a, kamar babban baƙo. Saki jiki."

Tela ya saki jiki. Ya kishingiɗa har kafaɗunsa suka samu bango. Da ya tashi miƙewa, rigar ta ƙi biyo shi. Ya fizga, ta ɓantaro da ƙara. Ya waiga yana neman ganin bayansa, yana juyawa yana ja da baya, har ya je ya manne da bangon shuɗi.

"Tsaya haka!" in ji Na-Iya. "Kada ka motsa! A kan fari ne bambancin yake fitowa sosai. Yaya, zo ka gani."

"Bambancin uwar me! Rigar mutane ce! Me zan ce wa direba?"

Mai-aski yana bakin ƙofar da babu ƙofa, yana share hawayen dariya. "Ka ce masa sabon yayi ne. Gaba na zuwa biki, baya na zuwa gona."

"Kai ka je ka ga fuskarka biyu a madubi!"

Kafaɗun Tela sun bar tabo a bango biyu. Dole a sake shafawa. Lokaci kuma ya matso, ƙanwata ta yi waya ta ce gobe tana hanya. Na ji yana ce mata, "Saura kaɗan, Uwargida. Muna matakin ƙarshe na bincike."

Ya ce iska ce za ta busar da fenti da wuri. Fankar silin ɗin falon shi ya gyara ta a bara, tun daga nan ba a kunna ta, don in ta tashi tana lilo kamar za ta bar gidan. Ya hau tsani yana shafa can sama, bokitin kore rataye a wuyan tsanin, na shuɗi a ƙasa. Ya ce wa Gwaggo ta danna makunni.

"Ɗana, ka tabbata?"

"Ni na gyara ta."

"Shi ya sa na tambaya."

Ta danna. Fankar ta yi gurnani, ta yi lilo, ta kai wa tsumman kansa mari ta ɗauke shi. Ya sunkuya. Tsanin ya tafi. Na ga ƙafafunsa a sama, sannan na ga ɗaya a cikin bokitin shuɗi. Na kore ya kife a gefensa. Fentin biyu suka malala suka haɗu a tsakiyar falo, tsumman kuma yana ta zagaye a kan fanka yana yayyafa wa kowa.

Ya tashi zaune. Ya taɓa kansa, ya taɓa ƙugunsa.

"Babu abin da ya ɓaci," in ji shi. "Ku miƙo mini abin kwasar shara."

Ya durƙusa ya riƙa kwasa. Wannan ɓangaren kore ne, ya zuba a bokitin kore. Wannan shuɗi ne, ya zuba a na shuɗi. Na tsakiya ya raba musu daidai, ya ce don kada a ce ya yi son kai. Ƙura da gashin kyanwa duk suka bi. Ya juya kowanne da sanda ɗaya.

Na leƙa bokitin farko. Na leƙa na biyu. Kamar ruwan da aka wanke kayan makanike a ciki, dukansu. Na ja da baya. Shaida aka ce in zama.

Ya shafe bango huɗun kafin magariba. Biyu daga wannan bokiti, biyu daga wancan.

Da gari ya waye ya bi layi gida gida yana shela. Ya ce yau za a yanke hukunci, kowa ya zo ya zaɓa, kuma a ƙarshe shi zai bayyana amsar gaskiya. Mutane suka zo, don labarin madubi da riga ya riga ya zaga. Falo ya cika, wasu a tsakar gida suna leƙe ta taga. Har mai keken nan ya zo da ɗaurin gwiwa.

Na-Iya ya hau kujera da sanda a hannu.

"Jama'a, ku duba da kyau. Wannan kore ne. Yana da sanyi, yana da kunya, ba ya shiga ido sai an gayyace shi. Wancan kuwa shuɗi ne. Yana da fara'a, amma da ɗan girman kai. Wanda bai ga bambanci ba, ba laifinsa ba ne. Ba kowa Allah ya ba ido ba."

Kowa ya dubi wannan bango, ya dubi wancan, ya dubi maƙwabcinsa.

Tela ne ya fara. "Ni dai na gani. Koren nan ya fi nesa ba kusa ba."

"Ƙarya kake," in ji Mai-aski. "Dubi yadda shuɗin ya buɗe ɗakin."

"Wanne kake nunawa? Wannan ai kore ne!"

"Shuɗi ne!"

"Na-Iya, wanne ne wannan?"

Na-Iya ya dubi bangon. Ya ƙirga bango daga ƙofa da sandarsa. "Kore ne."

"Ka ji!"

"To ai wancan nake nufi!" in ji Mai-aski.

Falo ya rabu biyu. Masu ɗinki a wajen Tela suka koma hagu, masu aski a wajen Mai-aski suka koma dama. Wata mata ta ce shuɗin yana sa mata ciwon kai. Wani ya ce koren ya tuna masa gidan kakarsa. Mai keke ya ce shi duk wanda ba ya haske ido yake so. Aka tambayi Gwaggo.

Ta ce, "Idona ya tsufa, 'ya'yana. Ni kallo na zo."

Ana cikin haka hayaniya ta mutu daga baya zuwa gaba. Mutane suka dare. Ƙanwata ce tsaye da jakarta a inda ƙofa take da. Ta dubi ƙofar a jingine a tsakar gida. Ta dubi tsumma a kan fanka. Ta dubi sawun kyanwa a kan kujerunta. Sannan ta bi bango huɗun da kallo a hankali.

"Maigida, ina korena?"

Ya nuna da sanda.

"Ina shuɗina?"

Ya nuna.

Ta matsa ta kai fuskarta kusurwar da bangon biyu suka haɗu. Ta daɗe a wurin. Ta juyo.

"Ban taɓa ganin launi mai muni irin wannan ba," in ji ta. "Ban san sunansa ba, kuma ba na so in sani. Amma magana na yi a gaban yayana. Na ce launi ɗaya, ban ce mai kyau ba. Yaya, ɗaya ne ko biyu?"

Na ce, "Ɗaya ne."

"To shi ke nan. Maigida, akwatinka naka ne. Jama'a, ku fita mini daga falo."

Wani ya fara dariya a bakin taga. Ta kama. Matar da shuɗi ya sa wa ciwon kai ta sulale ta fita. Mai-aski ya juya ya dubi Na-Iya a kan kujera.

"Wato launi ɗaya ne? A kan launi ɗaya madubina ya mutu?"

Tela ya ce, "Ashe mai kunya da mai girman kai duk mutum ɗaya ne!"

"Ido! Babu na biyu a layi!"

Ban taɓa ganin su biyun suna dariyar abu ɗaya ba sai ranar. Har suka tafa.

Na-Iya bai sauko ba. Na ga wuyansa yana kumbura. Na matsa kusa na ce masa a hankali, "Sauko. Ka ci."

Ya ɗaga sanda. "Biyu ne."

Ƙanwata ta ajiye jakarta. "Maigida, me ka ce?"

Na yi tari. Gwaggo ta yi tari. Har Tela ya daina dariya ya ce, "Kai, yi shiru mana."

"Na ce biyu ne! Wannan kore, wancan shuɗi! Don ku ba ku gani ba sai ya zama babu? Ni na shafa, ni na san abin da na shafa!"

"Ka yi tunani, Maigida. Yaya yana ji."

"Ya ji! Kowa ya ji! Ko a gaban wa zan maimaita. Launi biyu ne a falon nan!"

Ta dube ni. "Yaya, shaida ya ce ɗaya, mai aiki ya ce biyu. Wa ya fi sani?"

Na ce, "Shi ya shafa."

Akwatin yana bayan kujera. Na mayar da sukudireba da guduma ciki, na rufe, na ɗauka. Ya fi yadda nake zato nauyi. Mutane suka ba ni hanya. Ina fita ina jin muryarsa a bayana, yana ce wa waɗanda suka rage su matso kusa da taga, su rufe ido ɗaya, su karkata kai, za su gani.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona da kwaɗo. Duk ranar hutu yakan zo gaishe ni, abin da bai taɓa yi ba a da. Mu gaisa, ya tambayi lafiyata, idonsa na ƙarƙashin gado. In jawo masa shi ya dafa murfin na ɗan lokaci.

Makon jiya ya ce, "Yaya, kwaɗon nan kamar ya fara cijewa. Da ka ba ni makullin in duba maka."

Na ce, "Sha shayinka."